Ina Ɗiyanmu Za Su Yi Wasa?

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobi ta yi ranar bukin zagayowar shekarar ƙungiya, a Nasarawar Burkullu

Uwar ƙungiya, ranki shi daɗe. Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, iyayenmu da ke zaune nan gaba, ƙannena da ɗiyana da ke can baya wajen tukwane, da mazan da sunka daure sunka zo suna saurarenmu daga inuwa, ina gaishe ku, sannunku da zuwa.

Ma'aji ta karanta muna lissafi, kowa ta ji abin da ya shigo da abin da ya fita, kun kuma ji akwai ɗan abin da ya rage, wanda munka saba warewa don aikin gari. An ba ni lokaci kaɗan in kawo shawara a kansa. Na san da na faɗe ta wasu za su ce Malama ta fara zaucewa. Shawarar ita ce mu nemi fili cikin gari, mu yi masa daɓen siminti, mu bar wa yara su yi wasa a kai. Har da wasan nan na takalmi mai taya da katako mai taya da kuke gani cikin wayoyin samarinmu. To, na faɗa. Wadda za ta yi dariya ta yi yanzu, in ta ƙare sai ta ara mini kunne.

Duk wadda ta haura shekara arba'in a nan ta san dandali. Ana gama tuwon dare, in akwai farin wata, ba wadda uwarta ke iya riƙe ta cikin gida. Mu yi gaɗa har muryarmu ta dushe, maza na can gefe suna langa, wasu na kokawa, ƙanana na bin gare da gudu suna faɗuwa suna tashi. Da rana ga carafke, ga 'yar gala-gala, ga motar kara da yaro zai kwana biyu yana haɗawa. In kaka ta yi, ga dambe, manya su tafi kallo su dawo suna ba da labarin Shago kamar da su anka yi karon. Ba wanda ya gina muna dandali, ba wanda ya sa masa suna filin wasa. Fili ne kawai a tsakiyar unguwa da kowa ya san na yara ne, kuma ko wane gida na jin muryar ɗiyansa daga inda yake. Can munka koyi bin layi, can munka koyi a kada ka ka tashi ba ka yi kuka ba, can babbar yarinya ke koya wa ƙaramar da ba ta haɗa komi da ita ba.

Ina dandalin yake yau? Wani an gina shaguna a kansa, wani ya zama juji. Wanda ya saura kuma tsoro ya kore mu daga gare shi. Wace uwa ce cikinmu za ta bar ɗiyarta waje bayan isha'i a wanga zamani? Ku tuna 2021. A watan Fabrairu anka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe. A watan Satumba, bayan na Kaya a ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jiha, anka yanke layin waya, anka tsai da kasuwannin mako. Wata da watanni ɗiyanmu na zaune, ba boko, ba kasuwa, gonar nesa ba ta zuwuwa. Sai ga Janairun 2022, da abin da ya auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wanda ba sai na maimaita ba, akwai masu takaba a lokacin da ke zaune cikinmu yanzu. Yaron da ke da shekara bakwai a lokacin, yau ya fara zama saurayi. Da wanne wasa ya tashi?

Kuma garin ya ƙara cika. Kusan kowane gida akwai baƙin da sunka baro ƙauyensu, da ɗiyansu. Waɗannan yaran sun ga abin da babba ma bai iya ɗauka. Akwai wanda ko faranti ya faɗi sai ya zabura, akwai wadda ta daina magana sai da ido. Ba mu da likitan ƙwaƙwalwar da za mu kai su. Amma duk wadda ta yi reno ta san yaron da ya firgita, ranar da ya fara wasa da 'yan uwansa har ya yi dariya, ranar ce ya fara dawowa.

Yanzu bari mu bi sawun yaro namiji mai shekara goma sha uku daga la'asar zuwa magariba. An tashi Islamiyya, ko ma bai je ba. Gida ba ya zaunuwa, don mu kanmu muke korarsa, "fita ka ba mu wuri." In ya je filin ƙwallo, manyan samari sun kama fili, aikinsa ɗauko ƙwallo in ta fita. To sai ina? Gidan kallo, in yana da kuɗin shiga. Bakin tasha. Wajen masu cajin waya, inda ake koyon cacar ƙwallo. Ko kangon da ba a ƙare ginawa ba, inda wani da ya girme shi da shekara uku zai miƙa masa tsumma da sholisho ya ce gwada ka ji. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma ku tambayi samarinku ko an rasa abin sha a garin nan. Tiramol na nan, wiwi na nan. Wanda ya fi ƙarfin hali kuma ya bi masu haƙar zinari, ya shiga ramin da ko babba ke shiga da addu'a. Akwai kuma na ƙarshe, wanda ba mu son faɗi da ƙarfi. Mutanen daji ba su rasa ɗan aike cikin gari, mai kai mai, mai kai burodi, mai kai labari. Ba daga sama suke samunsu ba. Yaron da ba wanda ke nemansa daga la'asar zuwa dare, shi suke nema.

Ba na ce daɓen siminti zai kawo ƙarshen wagga masifa ba, kada wata ta fita ta ce haka na faɗa. Abin da na ce shi ne, awa biyun nan na yamma, ko dai mu san inda ɗiyanmu suke, ko wani ya sani a madadinmu.

Wata za ta ce, to in fili ne, a share ƙasa mana a bar su, mi ya kawo siminti da tsadarsa? A nan nake so in daɗe kaɗan, don mu mutanen Bukkuyum da Anka muna da dalilin da mutanen wasu wurare ba su da shi.

A 2010 yara sunka fara mutuwa a 'Yargalma da Tungar Guru nan ƙasarmu, da Dareta da Abare da Sunke da wasu ƙauyukan Anka. Yaro na wasa lafiya lau, sai amai, sai jijjiga, sai a rasa shi. Wasu sunka ce iska ce, wasu sunka ce zazzaɓi. Sai da likitocin nan na gari na kowa, MSF, sunka zo anka auna jini, anka gano gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 sunka rasu, dubbai anka yi wa magani, wasu sun rayu amma ƙwaƙwalwa ta taɓu har yau. Daga ina gubar ta fito? Daga dutsen zinarin da ake kawowa cikin gida ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa. Ƙurar ta zauna cikin ƙasar tsakar gida. Babba na takawa ya wuce. Yaro kuwa a ƙasa yake rarrafe, a ƙasa yake zama, hannunsa daga ƙasa sai baki. Shi ya sa 'yan ƙasa da shekara biyar sunka fi mutuwa.

Kun tuna yadda anka yi maganin abin? Ba a tsaya ga ba yara ƙwayoyi ba, don likitocin sun ce in ka wanke jinin yaro ka maida shi bisa ƙasar da ta sa masa ciwon, aikin banza ka yi. Sai da anka bi gida gida ana kankare ƙasar sama, ana kwashewa a kai rami a binne, a kawo sabuwa mai tsabta a zuba. Bagega sai 2013 ta samu nata aikin, bayan dogon jira. Wannan ya koya muna abu guda da bai kamata mu manta ba: a ƙasarmu, wurin da yaro ke zama ya yi wasa maganar rai ce. Kuma haƙar ba ta tsaya ba. An hana ta a 2019, an ɗage hanin a ƙarshen 2024, mu da ke nan mun san ko lokacin hanin ba ta taɓa tsayawa cak ba. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ba a ganinta da ido. Daɓen siminti kuwa ana share shi, ana wanke shi, an kuma san abin da ke kansa. Don haka in Allah ya sa anka yi aikin nan, sharaɗina na farko: filin kada ya zama inda anka taɓa niƙa dutse ko wanke shi, yashin da za a kwaɓa kada ya fito daga wajen masu wankin zinari ko da kyauta sunka ba mu, kuma a ajiye randa ko tanki da sabulu a bakin ƙofa, yaro ya wanke hannu kafin ya tafi gida cin tuwo.

To mi ya sa na ambaci takalmi mai taya, ban tsaya ga ƙwallo ba? Ba ni da faɗa da ƙwallo. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta 2016, Ahmed Musa kuma da ya samu, ya gina wa matasa wurin wasa a Hotoro cikin Kano. Allah shi ƙara muna irinsu. Amma filin ƙwallo babba ne, ba ya samuwa sai bayan gari, bayan gari kuwa kun san abin da ake nufi da shi yanzu. Kuma ƙwallo mutum ashirin da biyu take ɗauka, saura 'yan kallo ne. Ƙarami ba ya samun shiga, mace ba ta samun shiga, mara ƙarfi ba a zaɓensa. Wasan taya kuwa fili kaɗan yake so, kamar tsakar babban gida, ana iya samunsa cikin unguwa inda ido ke kai. Ba ya son ƙungiya, ba alƙali, ba wanda anka ci balle a yi faɗa. Yaro da kansa yake kokawa. Yau ya iya tsayuwa, gobe ya iya tafiya, jibi ya iya juyawa. Zai faɗi sau hamsin kafin ya iya abu guda, kuma ba wanda ya tilasta shi, shi da kansa zai tashi ya kakkaɓe wando ya sake. Mu da munka yi koyarwa mun san yaron da ya saba da wannan, ko lissafi ya gagare shi bai saurin jefar da alƙalami.

Kuma ko mun so ko mun ƙi, wasan ya riga ya iso. Duk wadda ta je Kano ta ga samari da takalman taya bisa kwalta, wani ya kama bayan A Daidaita Sahu yana jansa cikin motoci, hanjinka na kaɗawa kana kallo. Namu na gani a waya, masu zuwa ci-rani na dawowa da takalman. Gara mu ba su wuri tun ba su hau hanyar Gummi da su ba.

Kada ku ɗauka abin 'ya'yan masu kuɗi ne na Turai. A Uganda, wata unguwar talakawa ta birnin Kampala da ake kira Kitintale, wani saurayi Jackson Mubiru da abokansa sunka gina nasu a 2006, da hannunsu, da bulo da siminti. Har ana ba da labarin cewa da ma'aikata sunka zo tambayar mi ake ginawa, don gudun biyan kuɗin izini sai sunka ce ɗakin kada ne. Ni ban ce mu yi ƙarya ba, amma kun ji irin son da sunka yi wa abin. Daga wanga ɗan fili wasan ya yaɗu a ƙasar. A Afganistan, ƙasar da ta fi mu daɗewa cikin yaƙi, wani Bature ɗan Ostireliya, Oliver Percovich, ya je Kabul a 2007 da katakonsa mai taya, yara sunka bi shi. Daga nan anka kafa makarantar da ake kira Skateistan, yaro ya yi wasa awa guda ya shiga aji awa guda, har masu talla da masu wankin mota bisa titi anka jawo ta haka sunka koma karatu. Abin da ya fi ba ni sha'awa, a can ba a yarda mace ta hau keke ba, amma da yake wanga wasa sabo ne, ba wanda ya riga ya ce na maza ne, sai 'yan mata sunka shiga da yawa, da ɗankwalinsu, a ranakun da anka ware musu, mata na koya musu. A gasar Olamfik da anka yi a Tokyo a 2021, karo na farko da anka sa wasan, wadda ta ci zinari a ɓangare ɗaya na mata 'yar Japan ce mai shekara 13, ta biyu 'yar Burazil, ita ma 13. Sa'ar ɗiyarki mai tallar awara.

Ban kawo wannan don in ce za mu fitar da zakaran duniya daga Nasarawa ba. In ya fito, madalla. Ni dai in yaro ya dawo gida da magariba a gajiye, ya ci tuwo ya yi barci, na samu abin da nake nema. Hukumar lafiya ta duniya ma cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Namu maza wasu na samu a gona. Mata fa? Daga ɗaki sai tsakar gida sai faranti a ka.

Na zo kan maganar 'yan mata, don na ga Inna na kallona. Inna, ban ce a cakuɗa su ba. A kewaye filin, ko da zana ce kafin a samu bulo. A ware ranaku ko lokuta na mata zalla, mu da kanmu mu riƙa zama bi da bi, mace biyu kowace rana, kamar yadda muke karɓar zubi. Yarinya ta sa wando ƙarƙashin hijabinta. Wadda ba ta son taya ta yi gaɗarta, ta yi 'yar gala-gala, a zana musu da fenti a gefe guda. Ai mu ma wasa munka yi, ga mu nan mun yi aure mun haifu, ba abin da ya ragu gare mu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya tunda mu kaɗai ne: yarinyar da muke tsoron ta je wasa cikin shinge gaban idonmu, ita muke ɗora wa talla ta shiga tasha ita kaɗai cikin maza har dare. Wanne ya fi haɗari? Ban ce a bar talla yau ba, na san da ita wasu gidaje ke cin abinci. Awa guda nake roƙa mata.

Sai maganar rauni. E, za su faɗi. Za a gurje gwiwa, wata rana ma a je wajen mai ɗori da tsintsiyar hannu. Wadda ta ce maku ba za a ji ciwo ba ta ruɗe ku. Amma akwai dabara. Ba mai hawa sai da hular kwano. Matashin gwiwa da na gwiwar hannu kuwa, ga teloli cike da ƙungiyar nan, tsohon soson katifa da yadi mai kauri ne kawai, ku ɗinka mu saya. Kuma mu fara da daɓe shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, sai sun ƙware a ƙara musu ɗan hawa ƙarami a gefe. Ku kwatanta wannan da yaro mai shekara goma sha biyu da ke jan kabu-kabu ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, ko wanda rami ke ruftawa da shi.

Akwai wadda ta ce mini a gida, wurin zai koma matattarar 'yan shaye-shaye. Zai koma, in munka gina munka juya baya. Duk wurin da ba mai shi, shaiɗan ke gadonsa. Shi ya sa nake so ya zama cikin unguwa, kusa da gidaje, da ƙofa guda da makulli, a buɗe bayan la'asar a rufe da kiran magariba, ba wasan dare. Wannan ya amsa maganar tsaro ma, don ba mu son tara yara a wurin da ba a iya watsewa cikin gidaje da sauri. A samu saurayi natsattse guda ko biyu a ba su riƙon wurin, su ba da hayar takalma kamar yadda ake ba da hayar keke da muna yara, kuɗi kaɗan, rabi nasu rabi na gyara. Marayu da 'yan gudun hijira kuma ƙungiya ta ɗauke musu. Takalman ana samun na gwanjo a Kano, ba sai sababbi ba, ƙafa goma ta isa a fara. Na katako kuwa, yaranmu da ke haɗa amalanke da boris ɗin babur, ku ba su wata guda ku ga abin da za su ƙera.

Yanzu kuɗi, don na ga Ma'aji ta riƙe biro. Fili mai tsawon mita 15 da faɗin mita 10, daɓe mai kaurin santimita 10, zai ci siminti kusan buhu 100, ban da yashi da tsakuwa da ladan magina. Kowa ta san abin da buhu ya zama, abin da ke hannunmu ba zai kai ba. Amma daɓe irin wannan dama ba a zuba shi falle ɗaya, sai an yanka shi gida gida don kada ya tsage. To mu raba shi shida, kowane gida mita biyar da biyar, buhu 16 ko kusa da haka. Mu zuba biyu bana. Yashi da tsakuwa samari su kawo da gayya, tunda nasu ne, mu mu dafa musu. Ban ruwa kuma namu ne, don siminti sai an shayar da shi safe da yamma har kwana bakwai, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhunna, in ba haka ba iskar hunturu ta busar da shi ya yi ta fashewa. A ɗan karkata shi don ruwan damina ya wuce. A dasa dogon yaro don inuwa, amma da 'yar tazara, saiwarsa na ɗaga daɓe. In mutane sunka ga gida biyu da yara a kai, na uku ba zai yi wuyar roƙo ba. Lokacin ne za mu je wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarmu na Gummi da Bukkuyum, da 'yan kasuwar garin nan, mu ce ga abin da mata sunka fara. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ga kuma abin da na ɓoye sai yanzu, don masu cewa mi ƙungiya za ta samu. Yara ba su zuwa sai la'asar. Daga hantsi zuwa azahar daɓen na wa? Namu. Mu nawa ne nan ke shanya shinkafar da munka turara, da tattasai, da kuɓewa, da gyaɗa, bisa leda a ƙasa ko a gefen kwalta, awaki na ci, mota na watsa ƙura, mai saye ya zo ya rage kuɗi don ya ji tsakuwa? Ga wurin shanya mai tsabta cikin shinge. Mamba ta shanya kyauta, wadda ba mamba ba ta ba da ɗan abin shara. Ƙarfe uku a kwashe, a share, a ba yara wuri. Abu guda ne ba za a taɓa shanyawa a kai ba ko nawa za a biya, shi ne garin dutsen zinari, kuma a rubuta wannan cikin dokar wurin tun ranar farko.

Abu na ƙarshe da zan ja kunnenmu a kai shi ne takarda. A Accra ta ƙasar Gana an buɗe irin wanga fili a watan Disamba na 2021, mai kyau ƙwarai, da taimakon manyan mutane daga waje. Ba a daɗe ba rikicin mallakar fili ya taso, har wasa ya tsaya a wurin. Su da ke da lauyoyi ke nan. Mu in wani bawan Allah ya ce ga fili na ba ku, mu gode masa, sannan mu roƙe shi a rubuta, magadansa su sa hannu, mai unguwa da uban ƙasa su shaida, a kai ƙaramar hukuma a buga hatimi. Fili ba ya da daraja sai an zuba masa siminti, ranar ce ɗan da ke Legas zai tuna gonar kakansa ce. Kada a sauke buhu ko ɗaya kafin takarda ta shiga akwatin Sakatariya.

Abin da nake roƙo a yau, Hajiya Shugaba, ba a fitar da ko sisi ba tukuna. A ba ni mata huɗu, cikinsu har da wadda ta fi kowa ƙin shawarar nan, don ita za ta ga ramin da ni ban gani ba. Mu je mu gaida uban ƙasa mu nemi shawararsa kan fili, mu zauna da malaman Islamiyya don lokacin wasa kada ya ci na karatu, mu sa magini ya yi muna lissafi a rubuce. Mu kuma tara yaran kansu, maza daban mata daban, mu tambaye su, don sau da yawa mukan yanka musu riga ba mu auna su ba. A taron wata mai zuwa mu kawo abin da munka samo, a ɗaga hannu.

Wadda ke son shiga cikin huɗun ta ba Sakatariya sunanta kafin a raba abinci, don na san bayan an raba ba a samun kowa.